Takunkumin da Aka Auna da Fuskar Ranka Ya Daɗe

Jiya da safe na karya allura biyu, kuma ba a kan yadin kowa ba. Ƙanwata ce ta shigo shagona da leda cike da takunkumin asibiti, ta zube min a kan keken ɗinki, ta ce, "Yaya, rage min su yadda kake rage wando."

Ita ce ke sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata. Aikinta ta sunkuya dab da bakin mutum ta zura masa bututun numfashi, don haka duk tarin da ke ƙirjinsa da ita yake fara gaisawa. Ga wata muguwar mura da ke yawo a gari. Shi ya sa ake ba su takunkumi na musamman, wanda dole ya manne da fuska, kada iska ta samu kafa ta gefe.

Ƙa'ida ta ce a gwada wa kowa nasa. Kuma an gwada, kada ku yi wa manya ƙazafi. An kafa kwamiti, an yi zama uku. Ranar gwaji sai aka ga rashin ladabi ne a fara da ƙananan ma'aikata alhali shugaban asibitin, Ranka Ya Daɗe, yana zaune. Aka ɗaura masa, ya zauna daram, aka tafa, aka ɗauki hoto, aka tashi cin abinci. Da wannan awon aka yo wa asibitin gaba ɗaya oda.

Shekara ashirin ina auna mutane, kuma na ga fuskar nan a hoto. Tubarkalla, Allah ya ƙara faɗi. Fuska ce da ba ta taɓa shan ranar layin mai ba. Ita kuwa ƙanwata tun tana ƙarama 'yar firit muke ce mata. Da ta ɗaura nata, yatsuna biyu na zura ta gefen kumatunta, har da sauran wuri.

Na kama gefen na ɗinke tsaf, ina jiran yabo. Ta ɗaga shi saitin taga, ta nuna min hujin allura a jere, ta ce dā ƙofa biyu cutar ke da ita, yanzu na buɗe mata arba'in. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya leƙo ya ce a liƙe da salatif. Ta nuna masa karan hancinta da salatif ɗin ya riga ya saɓule mata, ya koma shagonsa. Ta ce ta ma rubuta koke, aka amsa mata cewa kayan sun ci jarrabawa a mataki mafi girma.

Ni dai da dariya na ɗauki abin, sai da ta tambaye ni ko akwai wurin da za ta shimfiɗa tabarma ta riƙa kwana a shagona. Ashe shekaranjiya an kawo wani aikin gaggawa, mutumin yana ta tari, ita ce a kansa. A gida kuwa ɗaki ɗaya suke kwana da Inna, wadda ta haura tamanin, ƙirjinta ko ƙurar shara ba ya ɗauka. Nan dariyar ta tsaya min, tsoro ya kama ni.

Yau da rana muka je ta gaida Inna ta taga. Tsohuwa ta miƙo hannu, ta ce, "Laifin me na yi miki da ba za ki shigo ba?" Ƙanwata ta ɓoye hannuwanta a baya, ta ce aiki ne ya yi yawa.

To, Ranka Ya Daɗe, ga tef ɗin awona, zan zo in auna fuskar kowa, ba sai an kafa min kwamiti ba. In kuma hakan zai zubar da girma, akwai hanya mai sauƙi. Gobe akwai tiyata ƙarfe takwas. A taimaka a shigo a sunkuya a kan mara lafiyar, tunda a duk asibitin kai kaɗai takunkumin ke karewa.