An Ƙaddamar da Ɗakina

A wani gari wai shi Sai-Haƙuri, can bisa dutse, idan ɗari ya sauko ruwa daskarewa yake a cikin bututu har ƙarfen ya tsage. Tun muna yara mun san maganin abin: ka naɗe bututu da tsumma da buhu, shi ke nan. Wannan ba ya buƙatar boko.

To sai Sarki Ina-Sane ya ce aikin ya fi ƙarfin talaka. Ya naɗa Sarkin Tsumma, ya ba shi ofis da mota. Aka yi shela kowa ya kai tsummansa fada, hukuma ce za ta riƙa naɗewa, wanda kuma aka kama ya taɓa bututu da hannunsa ya ci amanar gari. Muka kai. Suka naɗe na bakin titin da Sarki ke bi, har da kwalliya. Na lungu suka bar shi tsirara.

Ni Lantana, ɗaki ɗaya gare ni, ginin ƙasa, shi marigayi mijina ya bar mini. Babban bututun da ke kai ruwa Unguwar Manya ta gindin bangona ya ratsa. Mu namu famfunan sun daɗe da komawa wurin shanya. Da sanyi ya tsananta, sai bututun ya fashe, ruwa ya shiga cin bangon.

Na je wajen Sarkin Tsumma. Na ce, "Ranka ya daɗe, a zo a toshe, ɗakina zai faɗi."

Ya ce, "Iya, mu aikinmu kafin ya fashe ne. Je ki wajen Magajin Ɓaraka."

Magaji ya ce, "Ruwan a tsaye yake ko gudu yake?"

Na ce, "Gudu yake kamar ɓarawo."

"To ruwa mai gudu na Sarkin Rafi ne."

Shi Sarkin Rafi, Allah ya isa, ya zo da kansa. Ya tarar da matan lungunmu sun yi layi da bokitai a bayan ɗakina, don rabonsu da ganin ruwa har sun manta. Ya washe baki. "Iya, kin san abin da Allah ya ba ki kuwa?"

Ranar Laraba aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗaura zare daga ƙofata zuwa bishiyar darbejiya. Sarki Ina-Sane ya sa almakashi ya yanke, ya ce ya ƙaddamar da Aikin Ruwan Sha na Lungun Ƙishi. Na kurma ihu ina nuna tsagar bango. Maroƙi ya ce, "Jama'a, ku dubi tsohuwa tana kukan murna!"

Kuluwa maƙwabciyata, wadda da hannuna na karɓi haihuwar 'ya'yanta, ta mintsine ni. "Yaya Lantana, ki rufa mana asiri. In suka toshe, ina za mu ɗebo?"

Bangon ya faɗi. Fada ta aiko da godiya, wai na faɗaɗa wa masu layi hanya. Yanzu a zauren mutane nake kwana, ɗakina kuwa an sa masa mai gadi. Sarki ya yi alkawarin kowane lungu zai samu irin nawa.

Tabawa, tsohuwar lungun baya, da ta ga abin da ya same ni, ta yage zanenta ta naɗe bututun bayan ɗakinta a ɓoye. Yau da safe na wuce na ga ana kwance shi. Ba dogarai ba ne. Maƙwabtanta ne, kowa da bokitinsa.