An Ƙara Mini Girma, Albashina Ya Rame

Jama'a, ku zo ku yi mini jaje: an ƙara mini girma a wurin aiki.

Na daɗe ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a bakin kogi, kwanan baya aka ce na zama shugaban masu lodi. Yau Juma'a na buɗe takardar albashi da zumuɗi, har na yi wa matata Dorette alkawarin soyayyar tarwaɗa a waje. Sai na tarar dalolin da suka iso hannuna ba su kai na lokacin da nake ƙaramin ma'aikaci ba.

Ga yadda aka yi. Da aka yi wa Dorette aikin ƙoda, kuɗin asibiti ya danne mu har ana shirin ƙwace mana gida. Na kai kaina kotu na ce na karye. Aka ce ba komai, gida na nan, amma shekara biyar za a riƙa yankar wani kaso daga albashina ana bai wa wani jami'i yana raba wa masu bina bashi. Ni ina kiransa Mai Girma Amintacce, Uban Marasa Hali, ran ofishinsa ya daɗe. Shi ma yana ɗan tsakurar ladansa daga kowace dala da ta bi ta hannunsa, saboda tausayi aiki ne mai gajiyarwa.

Ranar da na sa hannu lauya ya dafa kafaɗata ya ce, "Cleophus, abin da za ka riƙa biya ke nan, je ka yi barci." Bai gaya mini cewa adadin yana da rai ba, yana girma.

Na gama biyan bashin tsohuwar motata, na ce to, zan ɗan numfasa. Ashe an rubuta tun farko cewa ranar da bashin mota ya ƙare, abin da nake biya mata ya koma wurin Mai Girma. Ragowar harajin da gwamnati ke mayar wa talaka a farkon shekara ma ban ko ga launinta ba. Yanzu ga ƙarin girma: kafin abokan aiki su gama taya ni murna, har Mai Girma ya nemi kotu ta ƙara adadin biyan, aka kuwa ƙara. Wace irin himma! Ramin da ke bakin layinmu ya ga magajin gari uku ba a cike shi ba, amma albashina ya motsa kaɗan, an gani.

To bara da aka rage mana awoyin aiki fa? Na buga waya ofishinsa, wata murya mai zaƙi ta ce sai lauya ya shigar da roƙo. Lauya ya ce sai na biya shi kuɗin rubuta cewa ba ni da kuɗi. Kafin a saurare mu damina ta wuce, kuma a duk tsawon jiran in ka gaza biya su kori shari'arka, masu bashi su dawo kan gidan.

Da yamma maƙwabciyata Mama Earlene, tsohuwar mai dafa abinci a makaranta, ta hango ni daga barandarta.

"Ɗan nan, na ji ka zama oga. Ina nawa kason?"

"Mama, an riga ki."

Ta tafa hannu. "Mutumin nan ne ko? Ni ma ina hannunsa. Da yayana ya rasu ya bar mini 'yan kuɗin inshora, takardar mutumin ta riga katin ta'aziyyar coci isowa."

"Ya yi miki gaisuwa dai?"

"Ya yi mana. Ya ce yana taya ni baƙin ciki, in turo kwafin cek ɗin."

Na kira shugabana a waya, na ce, "Mista Hollis, don Allah ka mayar da ni kan motar ɗaga kaya."

Ya yi dariya har da tari. "Cleophus, kai ne mutum na farko da ya roƙe ni in rage masa matsayi. Ka sani ko na rage, biyan ba zai sauka da kansa ba. Sai ka koma wurin lauya, kuma su ce da gangan ka yi."

Don haka na zama oga dole. Dorette ta dafa mana wake, ta ce gida dai namu ne har yanzu, kuma gaskiyarta.

Roƙona ɗaya: in mun haɗu a coci ranar Lahadi, mai yi mini addu'ar buɗi ya yi ta ƙasa-ƙasa. Ban san wanda ke zaune a benci na baya ba.