Ranar da Na Haɗa Surukai a Tabarma Ɗaya

Na dawo Yako daga jami'a da digiri na biyu a kan yadda ake shawara da jama'a, ina jin babu rigimar da za ta gagare ni. Lokacin wata ƙungiya ta yi mana alƙawarin rijiyar burtsatse, amma manoma da makiyaya sun kasa daidaitawa kan inda za a haƙa ta. Na ce a bar mini.

Na karanta cewa ƙuri'ar canki-canka ita ce adalci, don haka da ita na raba mutane rukuni-rukuni. Kawu Sale ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ka duba wa ka zaunar kusa da wa."

Na ce, "Kawu, ilimi ne, an gwada shi."

Ashe na haɗa Ardo Buba, shugaban makiyaya, da mijin 'yarsa a tabarma ɗaya, sauran rukunan ma duk surukai ne. Kunya ta rufe bakin kowa, aka sunkuyar da kai ana tonon ƙasa da tsinke. Na kawo shawarar bayan makaranta, na tambaya ko akwai mai ja. Shiru. Na sanar da ƙungiyar cewa kowa ya yarda.

Aka haƙa a can, kan fako, nesa da gidaje da burtalin shanu. Rani na fari ta ƙafe. Har yau matan unguwarmu rafi suke zuwa da jarkoki, ta ƙofar gidana suke wucewa.

Yanzu ko zaman makoki na je, da an yi shiru bayan addu'a sai wani ya raɗa mini, "Malam, rubuta, kowa ya yarda."