Malamar Kurame a Shagon Aski

Wuta ce ta ɗauke a gida, shi ya sa Malama ta kinkimo kwamfuta zuwa shagon askin ɗan kawunta, abokin wasanta, wanda ba sa haɗuwa a rabu salin-alin. Ranta a jagule yake. Ɗalibai talatin take koya wa kiwon lafiya ta intanet, duk sun yi gum, kuma shugaban sashe ya ce jibi zai leƙo ajin, in ya tarar da shirun nan zai ba wani darasin.

"Sannu da aiki, sarkin ƙwarƙwata. Ina wurin caji?"

"Ga shi can, malamar kurame. An ce awa biyu kike zuba ke kaɗai kamar rediyo."

"Tunani suke yi, ba irinka ba ne."

"Barci dai. Yaya kike jan su da magana?"

"In na gama bayani sai in ce, akwai mai tambaya?"

Mai aski ya kashe inji ya girgiza kai. "Boko ya tafi a banza. Shekarata goma sha biyar a nan, shagon nan bai taɓa yin shiru ba. Kwaɓa nake yi da gangan, in jefa wa mutum biyu, in koma gefe."

"Mu gani a ƙasa, farfesan almakashi."

Ya juya wajen masu jiran layi. "Ni dai na ce tuƙi ba aiki ba ne, zama ne kawai. Direba, ƙarya na yi? Tela, kai fa?"

Kafin ya sake kunna inji benci ya kaure da gardama, har dattijon da ake wa aski ya miƙe da rabin kai yana ba da tasa hujjar.

Malama ta taɓe baki, amma ta jawo waya a fakaice. Ta rubuta a zauren ajin na intanet cewa wanke hannu da sabulu ɓata lokaci ne, ruwa ya isa, ta ambaci ɗalibai biyu su yanke hukunci. Minti uku ba a yi ba waya ta hau ƙara. Har wata da ba ta taɓa jin muryarta ba ta turo saƙon murya tana ƙaryata ta, wani na mayar mata. Daɗi ya kama Malama, ta kasa ɓoyewa.

"Wayar wa ke kuka haka?"

"Ina ruwanka?"

"Ce na gode, Malam."

"Allah ya sawwaƙe."

"To jibi ki sake cewa akwai mai tambaya."

Dariya ta ƙwace mata. Ta zaro jan bironta na maki daga jaka ta saƙala masa a aljihu.

"Na gode, Malam. Amma in ka faɗa wa Kawu, ni zan yi maka aski da kaina."