Yadda Za Ka Samo Kawu Bature Ya Nema Maka Aure

Ɗan'uwa, in kana Manchester ba dangi, kuma surukinka na Birmingham ya ce ba zai ba ka 'yarsa ba sai ka zo da babba daga gidanku, kwantar da hankalinka. Wannan dabara ba ta taɓa cin tura ba. Mutum ɗaya ne ya gwada ta, abokina Dalyop Ashworth, kuma ta yi.

1. Duba sunanka

Kakan Dalyop kuku ne a gidan wani Baturen kuza a Bukur, sunan maigidan ya manne masa har jikoki. In kai ma irin sunan ka gada, to kana da dangi a ƙasar nan. Su ne dai ba su sani ba tukuna.

2. Zaɓi tsoho

Kada ka tunkari matasa, 'yan sanda za su kira maka. Dalyop yana raba kaya gida-gida a unguwar Levenshulme ya ga sunan Ashworth a jikin kwali. Wani tsoho ya buɗe ƙofa, Dalyop ya durƙusa: "Kawu, mun same ku lafiya?" Tsohon ya zaci faɗuwa ya yi, ya ja shi ciki ya dafa masa shayi. Bature in ya ba ka shayi, rabin zumunci ya ƙullu.

3. Ban da ƙarya

In ya ce, "Ta ina muka haɗu?" ka ce, "Ta wajen kicin." Ka tsaya nan.

4. Sa masa babbar riga

A motar haya ka koya masa "sannu" kawai. Dalyop ya ƙara masa "ina gajiya", tsohon ya yi ta faɗa wa mai duba tikiti.

5. A gidan surukai, sake shi

Baba Manasseh, mahaifin Hannah budurwar Dalyop, tambaya ɗaya ya yi: "Ku 'yan wane gida ne?"

Ai kuwa Kawu ya gyara zama. Ya ce sunan daga wani ƙauye ne kusa da garin Rochdale, mai shingen itatuwa. Ya kawo kakansu masaƙi, da wanda ya sayar da akuyar coci, da gwaggon da ta ƙi kowa. Tuwo ya huce. Maman Hannah ta yi gyangyaɗi ta farka, ana kan gwaggon.

Baba Manasseh ya matso ya raɗa wa Dalyop, "Kai, tsakani da Allah, ɗan'uwanka ne?"

"Baba, wallahi ni ma na gaji da shi."

"To ɗan'uwanka ne. Sa shi ya yi shiru, na ba ka."

Gargaɗi

Kawu ya sanar da duk masu suna Ashworth na yankin Lancashire ranar biki, kuma sun ce za su zo da karnukansu. Duk Asabar Dalyop na can yana yanke masa ciyawa, yana sauraron ragowar labarin gwaggo. In naka kawun ya kama ka haka, babu ruwana. Ni sunana Nyam, ba Bature mai irinsa, ba ni da kowa a nan.