Abin da Ya Lalata Albasar Malam Tanko

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kunyata kaina da bakina a gaban ɗalibaina na Dandin Mahe. A lokacin ina koyar da Hausa a garin, iyalina kuma suna Boɗinga, na gaji da zirga-zirga har wuya. Na nemi canjin wurin aiki, aka ce sai mai duba malamai ya ga darasina tukuna.

Ina da wata dabara ta amsa tambayoyin auna fahimta da nake taƙama da ita. Nakan ce wa yara karanta labari ɓata lokaci ne: ka duba tambaya, ka ɗauki kalma ɗaya, ka farauto ta cikin labarin, amsar tana nan maƙwabtaka da ita. (Har suna na raɗa mata, wai "harbin nesa". Allah ya yafe mini.)

Mai dubawar dattijo ne mai farin gemu, ba ya son yawan magana. Ya miƙo mini wani labari da ya zo da shi ya ce in koyar. Maimakon in karanta, sai na ga ai ranar nuna gwaninta ce. Tambayar farko ta ce: me ya lalata albasar Malam Tanko? Na zura yatsa har na cafko "albasa" can ƙasa, idona ya hango "ruwa" a gefenta, na ɗaga kai.

"Ruwa ne," na ce. "Kun gani? Ko minti guda ba mu ɓata ba."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na shiga yi wa 'ya'yan manoman albasa lacca kan yadda yawan ban-ruwa ke ruɓar da ita. Suna ta gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara kumbura.

Dattijon ya gyara zama ya ce, "Malam, karanta muna labarin ga da ƙarhi, tun daga hwarko."

Na fara da murya irin ta mai karanta labarai. Layi ya bi layi, babu gona, babu rijiya. Malam Tanko ashe liman ne, ɗansa ya bi abokan banza ya lalace. Muryata ta yi ta ƙanƙancewa har na iso jimlar da na harba daga nesa: albasa ba ta yi halin ruwa ba. Karin maganar da ko yaron goye ya sani. Wallahi da yaran dariya suka yi da ya fi mini.

A bakin ƙofa dattijon ya tambaye ni, "Kai ba ɗan Malam Buhari na Boɗinga na ba? Gare shi niy yi karatu. Baƙi guda bai bari mu tsallake."

Na ce ni ne. Ya dube ni, ya dubi takardar da ke hannuna, ya ce, "To, ka dai karanta da bakinka."

Canjin wuri bai samu ba, aka ba wani. Har yau abin yana ci mini rai, kuma har yau ina Dandin Mahe, inda iyayen yara ke kirana Malam Ban-ruwa. Yanzu ko takardar ɗaurin aure aka ba ni sai na karanta ta har sunan maɗaba'a.