Ɗakin Sauraron Mushe Nomau

Allah Ya yi wa garin Arlit arziki biyu: ƙarfen uraniyom a ƙarƙashin ƙasa, da Mushe Nomau a bisanta (Mushe irin na Faransanci, wato Malam, ba mushen dabba ba). Na farkon sai an haƙa ake samunsa. Na biyun kuwa shi ke samun mutane, ko sun ɓuya.

Da can mai tsaron ɗakin ajiya ne a mahaƙar uraniyom ta Akokan. Da aka rufe ramin, wasu suka koma kiwo, wasu suka kama tuƙi. Shi ko ya nufi Yamai, ya zauna wani taron ƙara wa juna sani, ya dawo da takardar shaida mai bakin zinariya da sabuwar tafiya. Wata ƙungiya ta ba shi ɗaki kusa da gidan likita, domin 'yan kwana-kwana da direbobin ambilas da iyalansu su samu wurin sauke abin da ke cin ransu. Mutane ne da ke kwasar gawa a hanya, su ciro mutum daga wuta, su koma gida a ce musu ga tuwo. A ƙofar aka kafa allo: Ɗakin Sauraro.

Nan aka samu ɗan saɓani, wanda ba za a kira shi kuskure ba, don babban mutum ba ya kuskure. Masu ƙungiya sun nufi ɗakin da za a saurari mutane. Mushe Nomau ya fahimci ɗakin da za a saurare shi. Allon bai faɗi wa zai saurari wa ba. Laifin allo ne.

Ranar buɗewa ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a, ni nan da kuke gani, kunne ne tun daga hula har takalmi. A Yamai an koya mana cewa shiru magani ne. Bari in yi muku bayanin shiru."

Ya yi bayanin shiru tun hantsi har aka kira azahar. 'Yan kwana-kwana, waɗanda ba su tsoron wuta, suka riƙa addu'ar wani abu ya kama a gari, ko da rumfar mai shayi ce. Daga ranar, a gabansa Kunnen Gari ake ce masa. A bayansa kuwa Rediyon Sola, don muddin da rana, yana aiki.

Ana haka sai ga Ismaghil, wani Ba'abzine direban ambilas mai bin hanyar Asamaka, inda ake sauke baƙin hauren da aka koro daga ƙetaren iyaka cikin ƙishirwa. A wata tafiya ya ɗauko mace da ɗanta, ya iso Arlit uwar kaɗai ke numfashi. Tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Shugaban direbobi ya gaya masa in idonsa ya ci gaba da yin ja haka za a karɓe makullin mota, don direba marar barci kabari ne mai taya. Matarsa Fa'iza ce ta jawo shi ɗakin.

To, mutumin Abzin ba ya buɗe cikinsa daga sallama. Sai an zauna, an yi shiru har shirun ya nuna, sannan ya sassauta amawalin da ya rufe bakinsa. Ismaghil ya zauna da baƙin tabarau da rawaninsa, ya daɗe, sannan ya kai hannu ga amawali.

"Mushe, yaron nan..."

"Madalla! Ka ce yaro. Ni ma ina yaro a Tawa an san ni da sauraro. Kakata takan ce..."

Ismaghil ya mayar da amawali. Mushe Nomau ya bi ta Tawa, ya ratsa makarantar boko, ya shiga ramin Akokan ya fito, bai tsaya shan ruwa ba. Can kan Ismaghil ya yi ƙasa, ya ɗago, ya sake yin ƙasa.

"Kin gani, Madam? Yana gyaɗa kai. Ya gamsu. Wannan mataki, wasu likitocin sai sun shekara ba su kai shi ba."

Tsakanin gyaɗa kai da gyangyaɗi akwai ɗan bambanci, amma da alama ba a kai wannan darasi ba a Yamai. Da munshari ya fara fitowa ta ƙarƙashin rawani, Kunnen Gari ya ɗaga yatsa. "Kukan zuci ke nan. Bar shi ya fito."

Fa'iza ta leƙa fuskar mijinta, ta share ƙwalla da bakin mayafi, ta miƙa salularta.

"Mushe, don Allah ka yi magana cikin nan, in ɗauka. Mai tsawo."

Mushe Nomau ya kumbura kamar talo-talo, ya gyara murya. "Wane darasi kike so, 'yar'uwa? Na shiru, ko na haƙuri?"

"Kowanne, duk ɗaya ne. Zancen yaro, in ya tashi zai faɗa mini a gida. Kai barci muke nema wurinka. Kinin barci na likita ya sha bai yi komai ba, amma kai, wallahi tun kana Tawa ya tafi."